Jan Fitsari

Tare muka yi iyo a fadamar Marma,
ni da Kallamu, ɗan Baffa mai koma.
In mun fito sai mu jeru a gindin giginya
mu ga wa ya fi wani jan fitsari.
Manya na dariya, wai yaro ya zama namiji.
Nawa ya fi ja. Har taƙama na yi.

Baffansa ya shekara tsugune a bayan danga
yana cizon wuyan riga kada mata su ji.
An sha sassaƙe, an sha saiwa,
shinkafa na fidda kai aka kai shi makwanci.
Kallamu bai yi kuka ba, tambaya ya yi:
me ya cinye shi daga ciki?
Aka ce kwana ne ya ƙare, yi shiru.

Da tambayar ya tafi Haɗeja,
da ita ya wuce Zariya.
Muka ji labari wai yana tsaga mutum
ya ɗebe ƙoda, ya ɗinke kamar tela.

Duk rani sai ga shi da kwalabe a kwali,
wando a naɗe, cikin kacalla,
yana tsintar dodon koɗi.
Aka ce boko ya taɓa shi:
mai mota guda yana roƙon fitsarin yara!
Gida-gida yake bi da littafi,
wane ya rasu, da me, shekara nawa a ruwa.
Shafi na farko sunan ubansa ne.

Ina da hamsin da takwas jan ya dawo,
ba zafi, ba sallama.
Na ɓoye wata biyar.
Shi ya gane, daga yadda nake daɗewa wurin tsarki.

Ya nuna min hoton cikina,
wani tsiro kamar naman kaza a jikin rumbu.
Ya ce, tsargiya ce ta yi ƙwai a bangon mafitsara,
shekara arba'in tana sosa wuri ɗaya
har nama ya manta iyakarsa.
Na ce, daji ne? Ya ce, daji ne, Barde,
amma bai tsallake shinge ba tukuna.

Awa shida aka ce ya yi a tsaye.
Ni ban san komai ba.
Na farka na gan shi a kan benci,
ba takalmi, yana ɓare gyaɗa.
Ya kalli ledar da ke rataye a gefen gado,
ya ce, har yau naka ya fi ja.
Dariya ta ja min zare, na zage shi.

Ruwa dai ba ya baruwa,
a ciki abincinmu yake.
Jiya jikana ya sheƙo daga fadama, jiƙe,
yana murna zai nuna min abin mamaki.
Na ajiye igiyar da nake tufkawa,
na ce, ɗauko takalmanka.