Lissafin Mai Faci a Tsakiyar Gasa

Ni ne mai faci a bakin tashar Auyo,
ni ke hura wa yaran garinmu ƙwallo,
don haka ba wanda ya fi ni sanin
ta inda iska ke fita.

Wasa tara muka buga.
Biyar mun ci, biyu canjaras,
biyu kuwa an yi mana wankan ruwan sanyi.
Na ranar Talata ma kada a tuna mini:
huɗu da nema, a filinmu, gaban surukanmu,
har jakin Ubale ya juya wa raga baya.

Bari in fara da abin da Allah Ya ba mu.
Ya ba mu Tasi'u a gola,
dogo, tafin hannunsa kamar faifai,
a wurin gini ya koyi cafka,
yana bisa katanga ana jefo masa tubali.
Ya ba mu Ɗanliti a gefen hagu,
in ya zura sai ka ce zomo ya ji haushin kare,
takalmi ɗaya gare su shi da ƙanensa,
wanda ya riga tashi shi ke bugawa.
Ga Haladu a baya, ba magana, ba dariya,
kafaɗar da ta saba da buhun shinkafa.
Kai ka wuce, ƙwallo ta tsaya,
ko ƙwallo ta wuce, kai ka kwana.

To, amma tsakiyarmu rariya ce.
Nafi'u yana riƙe ƙwallo kamar bashin da ya ci,
a bi shi, a roƙe shi, ba zai bayar ba
sai an zo an ƙwace da ƙarfi.
Fenariti uku muka samu:
ɗaya ta bugi ƙarfe,
ɗaya ta faɗa gonar yakuwar Iya Tabawa,
ta ukun har yau ana nema.

Kuma da an dawo hutun rabin lokaci
ƙafafunsu sai su tuna da fadama,
tun asuba suna sunkuye da lauje.
Malam Sunusi, kocinmu, malamin aji huɗu,
yakan zana dabara a ƙasa da karan dawa,
kafin ya gama bayani akuya ta bi ta kai.

Duk wannan ba shi ke hana ni barci ba.
An yanke riɗi, an kusa gama sussuka,
kuma ni ke duba tayar motar Kudu.
Jiya direba yana shan shayi ya ce mini
mutum uku sun tambaye shi kuɗin Legas.
Bai faɗi suna ba. Ban tambaya ba.
Amma na ga Ɗanliti ya bar wa ƙanensa takalmin
tun ba a ce masa ya bari ba.

Saura wasa bakwai.
Juma'a bayan la'asar 'yan Haɗeja za su zo
da riguna masu lamba, da ruwan leda a kula.
In Nafi'u ya koyi kyauta,
in kuɗin riɗi ya kai yaran nan zuwa ƙaramar Salla,
in Tasi'u bai faɗo daga katangar kowa ba,
na biyu ba zai gagare mu ba.
Kofi? Ban ce ba. Baki shi ke yanka wuya.

Ga ƙwallon nan a hannuna,
faci na goma sha ɗaya.
Na hura, na danna ta cikin kwanon ruwa,
na zuba ido.
Shiru.
Shiru.
Sai wani ɗan kumfa, ƙanƙane kamar ƙwayar gero,
ya taso daga wajen ɗinki.
Na sa babban yatsa na danne,
na ce wa yaro ya miƙo gam.