Takardar Jikin Bango

A Jidda, daren Laraba,
Baba na dafe da ciki, yana cije leɓe.
Asibitin farko ya sha marmara,
fitilu kamar gidan biki.

Ni kuwa bango na bi da ido,
ina neman takardar masu duba asibitoci.
Can na gano ta bayan tukunyar fure,
makinta ya rame,
kwanan watanta ya tsufa.

"Uwani, kyan ɗan maciji ne," in ji Baba,
"riyal ɗinmu kuwa gumi ne."
Muka fita.

Na biyun yana bayan kasuwa, kujerunsa sun koɗe,
amma takardarsu na bakin ƙofa,
sabuwa, ba ta jin kunyar kowa.
Nas ta wanke hannu har gwiwa
kafin ta taɓa shi.

Nan na sauke jakata.