Gwangwanin Anselmo da Gwiwar Herminia

Shekara arba'in ina gyaran rediyo a Alta Gracia,
ƙorafin jama'a kullum ɗaya:
"Anselmo, cire mana wannan ƙas-ƙas ɗin
da ke shiga tsakaninmu da ƙwallo."
Na yi ta cirewa, da shi na ci tuwo.
Ashe muryar hadari nake kora.

Yau kunnen hagu ya ajiye aiki,
na dama yana haɗa kayansa.
In tsawa ta faɗi, ba na sani,
sai na ga kare ya shige ƙarƙashin gado.

Sai na ɗauko gwangwanin biskit
da sandar baƙin ƙarfe daga cikin wata rediyo
da mai ita ya rasu bai zo karɓa ba.
Na naɗe ta da wayar tagulla, naɗi ɗari uku,
lissafi ya ɓace mini, na koma farko.
Ɗan allon lantarki kaɗai na saya,
kuɗinsa bai kai na naman gashin Lahadi ba.
Na liƙa ƙwan fitila ja, kamar ƙwayar wake.

Daren farko ya yi ta ƙiftawa.
Na fito tsakar gida da wando ɗaya,
taurari reras, ko gajimare babu.
Firji ne ya tashi.
Kashegari babur ɗin yaron maƙwabta.
Na kai shi ɗakin kaji, can ya natsu,
ya koyi bambanta ƙarya da gaskiya,
abin da ni ma na daɗe ban iya ba.

Herminia ta leƙo ta katanga,
ƙoƙon shayin mate a hannunta:
"Gwiwata ta riga gwangwaninka sani."
Muka shata layi biyu a bango da alli.
Ranar da ta ce a kwashe shanya, ta kwashe,
ni kuwa in zauna ina jiran wake ya yi ja.
Zuwa ƙarshen Janairu tana da sha ɗaya,
ina da tara.
Na ce gwiwa ba ta faɗin nisa.
Ta ce nisa ba ya jiƙa zani.

Casimiro, can Río Cuarto, yana da irin nasa.
Yakan aiko saƙo: "Nawa ya kama, naka fa?"
Mu duba agogo, mu buɗe taswira,
tsofaffi biyu da fensir
muna farautar abin da ya mutu kafin mu ƙifta.

Jiya da la'asar sama fes,
Herminia na dariya, gwiwa lafiya lau.
Wake ya yi ja. Ya ƙara. Ya ƙara.
Na ce mata, "Rufe tumatirinki, akwai baƙo bayan dutse."
Ta harare ni, amma ta ɗauko buhu.
Kafin magariba ƙanƙara ta sauko
kamar ana juye tsakuwa a kan kwano.

Ban je bango da alli ba.
Na kashe wutar ɗaki, na jawo kujera,
na ɗora tafina a gilashin taga.
Fitila ta ƙifta, na fara ƙirge,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sai gilashin ya yi rawa a hannuna.

Na ce, "Na ji ki."