Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

A Valparaíso da zafi Disamba ke zuwa.
Teku na can ƙasa yana ƙyalli kamar farantin da aka goge,
ni kuwa ina kan tudu, a shagona mai taga ɗaya,
ina jera littattafan da dusar ƙanƙara ta rufe bangonsu:
mace da jar hula, namiji riƙe da kofi,
wani ƙauye da ko a rediyo ban taɓa jin sunansa ba.
Ina goge su, gumi na bin wuyana.

Shekara tara ke nan Evaristo yana hawowa.
Matakala ɗari da goma sha bakwai, in ji shi, ya ƙirga.
Faratansa baƙi ƙirin da man injin
keken da ke jan mutane zuwa saman tudu.
Yakan sayi tarin gajerun labaran Kirsimeti guda ɗaya,
ya ce na 'yar ƙanwarsa ne.
Ba shi da ƙanwa.
Unguwar nan cikinta ba ya riƙe magana.

Kwana uku, sai ga shi da ƙorafi:
"Ondina, dubi wannan.
Jirgi ya fasa tashi, wuta ta ɗauke,
ɗaki ɗaya ya rage a masauki,
kafin gari ya waye sun fahimci juna.
Wa ya taɓa fahimtar wani a dare guda?
Ni da ƙusa ɗaya ta taɓa cinye mini mako."

Nakan ce labari ne, ba takardar kotu ba.
Ya ce marubutan nan ba su san tsatsa ba.
In yanka masa burodi mai zabibi da gyaɗa,
ya ci, ya kaɗe gashin baki,
ya tsaya a ƙofa kamar wanda ya manta wani abu,
sannan ya sauka.

Mijina kwale-kwalen kamun kifi ya shiga wata asuba.
Ko takalmi teku bai maido ba.
Tun daga ranar nake fara littafi daga baya,
sai na ga kowa ya isa gida
nake yarda in san sunayensu.
Wannan ko 'yata ban gaya wa ba.

Bana, jajibirin Kirsimeti,
ana ta daka ƙanƙara a maƙwabta,
ƙanshin kirfa da madara na fitowa ta kowace taga,
ya ajiye littafin a kan tebur, bai ce uffan ba,
bai ko jira burodi ba.

Na buɗe ta inda na saba.
A farar takardar da ke bin kalmar ƙarshe
ga tambarin babban yatsa, na mai,
ga rubutun fensir, karkatacce:

"Duk littafin da kika sayar mini
shafinsa na ƙarshe ya riga ya sha hannu,
shi ya sa na ajiye a nan.
Ba ni da dusar ƙanƙara.
Ina da kujera biyu a baranda,
ɗaya ƙafarta na rawa, zan gyara.
Daga nan ana ganin jirage suna shigowa.
Masu shigowa kawai nake nufi."

Na karanta sau biyu. Na yi ciniki da wata yarinya,
na ba ta canji fiye da kima, ta maido.
Na rufe taga tun rana ba ta faɗi ba.

Keken tudu na nan, lafiyarsa ƙalau,
amma da ƙafa na sauka,
littafin a hammata, gwiwata na ƙara,
ina ƙirgawa a hankali
tsakanin karnuka masu barci da igiyoyin shanya.

Ɗari da goma sha tara ne.
Abin da zan fara gaya masa ke nan.