Jakar Bakin Ƙofa

Likita ta ɗago daga takarda, ta ce,
"A danginku akwai mai irin wannan?"
Na ce babu.
Sai da na hau matakala ɗari da sittin zuwa gida,
Valparaíso na kwance a ƙarƙashina, jiragen ruwa na kuka a tasha,
sannan jakar kakata ta faɗo mini.

Eduvigis. Jakar fata a bakin ƙofa,
cikinta kyandir, ashana, gwangwanin kifi biyu, hoton aurenta.
Muka ce girgizar ƙasa ce ta koya mata.
To ai duk unguwar ƙasa ta girgiza da su,
ita kaɗai ke kwana da takalmi a ƙafa.

Babana Hernán ba shi da jaka,
nasa a makulli ya sauka:
ya kulle, ya yi taku uku, ya dawo ya murɗa,
ya sake dawowa,
muna ƙyalƙyala dariya, bas na wuce mu.
In sanyi ya shigo sai ya ja labule, ya haɗiye magana.
Mama ta ce ciwon baya ne.
Shekara goma sha ɗaya bayan nan yana ciwo.

Nawa ƙarfe huɗu na dare yake zuwa,
ba sallama, ba dalili,
ya haye ƙirjina kamar kyanwar maƙwabta.

Hanci muka gada, muna nuna shi a hotuna.
Wannan ɗayan gadon
ba wanda ya ambace shi ranar rabo,
kowa ya cusa kasonsa cikin riga ya fita.

Daren jiya Maite, shekararta bakwai,
ta taɓa kafaɗata: "Mama, kin kashe gas?"
Na kashe.
"Kin tabbata?"
Muryar babana ce, an rage mata tsawo.

"Koma ki kwanta" ya zo mini har leɓe, na mayar.
Muka je kicin, ta shafa maɓallan huɗu ɗaya-ɗaya.
Na ce, abin nan da ke buga miki ƙirji yana da suna,
kuma ba a kanki ya fara ba.
Na sauko da jakar daga saman kabad.
Kyandir ya lanƙwashe, kifin ya girme ni.
Ta yi dariya har da shaƙuwa.

Laraba zan koma asibiti.
Akwai layi ɗaya a takardar nan
da zan ce a goge.