Littafin Inuwa

A watan Agusta muka buɗe aji,
can ƙuryar arewacin Norway, bakin teku,
inda hanyar mota ta gaji ta tsaya.
Yara goma sha ɗaya, sai ni,
sai tsoho Halvard mai gyaran tagogi.
Dare ba ya zama a lokacin nan,
ya leƙo kawai ya bar wa rana.

Na kafa sanda a tsakar fili.
Na ce duk Litinin kafin abinci
za mu auna inuwarta da igiya,
mu rubuta tsawonta a babban littafi.
Eilif ya ce, Malama, aikin banza ne,
wa ke awon abin da ba ya ɗaukuwa?
Na ce riƙe bakin igiyar, ɗana.

A Satumba muka hau tudu tsinko 'ya'yan itace,
jajaye, ƙanana, masu tsami.
A bokiti aka yi lissafin ranar:
Sunniva ta tara ɗari uku da bakwai,
Jovnna ya kawo tara, bakinsa ja wur,
ya rantse tsuntsu ne ya kwashe saura.
Ya iya ɗebewa tun kafin in nuna.

Mun shuka wake a kofunan takarda.
Na Tordis ya ƙi fitowa, ta sha kuka,
Halvard ya sauya ƙwayar da dare.
Ni da shi kaɗai muka san wannan magana.

Risten ta yi mako biyu ba ta zo ba,
danginta na tattara barewar ƙanƙara daga duwatsu.
Ta dawo rigarta na ƙamshin hayaƙi.
Yarinyar da haruffa ke yi wa gardama
ta ɗauki alli ba tare da izini ba,
ta zana tsagar kunnen dabbar kowane gida,
ashirin da shida, ba ta yi tuntuɓe ba.
Ranar na koma benci na zauna.

Inuwa kuwa sai miƙa take yi.
Taku uku, taku biyar, taku sha biyu,
ta tsallake shinge, ta shiga lambun maƙwabta.
Igiya ta gaza, muka ƙara da igiyar takalmi.
Sai wata Litinin a ƙarshen Nuwamba
muka fita, muka tsaya cirko-cirko:
sama shuɗiya kamar ruwan baba,
sanda tsaye ita kaɗai, ba kowa a ƙafarta.
Ƙaramin cikinsu ya ja mini hannu,
ya ce, mun ɓata mata rai ne, ko tana barci a wani ƙauye?
Na buɗe baki da bayanin duniya da juyinta,
na ga idonsa, na haɗiye bayanina.

Daga nan da fitila a goshi suke zuwa,
su yi hamma a kan jadawalin bakwai.
Wake ya karkata ga ƙwan lantarki.
Jirgin kamun kifin baban Eilif ya makara kwana huɗu,
yaron da ba ya karatu sai da rarrashi
ya karance rahoton iska, layi bayan layi,
har ya kai inda aka ce teku za ta kwanta.
Ban ba shi maki ba. Maki na me? Na ina?

Ranar rufewa suka jera da kyandirori,
iyaye suka ci burodi mai ruwan ɗorawa,
Jovnna ya manta baitinsa, ya yi atishawa,
aka tafa masa fiye da kowa.

Da suka watse na buɗe littafin.
Layi uku da na bari ba komai
wani ya cike su da karkataccen rubutu:
Ba ta zo ba.
Yau ma ba ta zo ba.
Malama, kar Halvard ya cire sandar.
Na kawo doguwar igiya daga jirgin babana,
ni zan riƙe baki in ta dawo, rana.