Atisaye a Katako

Sanyin Jos na cizon kunne,
mu tara a layi bayan rumfunan Katako.
Dalyop bai iya tsawa ba.
Mesa zai miƙo maka a naɗe:
"Warware. Sake naɗewa."
Sau bakwai, har tafukana suka yi kanta.

Na ce, yaushe za mu ga wuta?
Ya janye hannun riga,
fata kamar ƙanzon tukunya.
"Na riga kowa shiga," in ji shi,
"ban tambayi wa ya kashe mita ba."

Daren da shagon Tanimu mai fenti ya kama,
Dalyop bai taɓa bokiti ba.
Yana bakin lungu yana ƙirga kawuna.
Takwas.
Bai zauna ba
sai da ya ji tarina.